A Bar Mana Hajiya Sannu Ƙarƙashin Darbejiya

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Hanyoyi da Magudanan Ruwa na yankinmu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Barka da aiki, barka kuma da ganin bayan wannan damina da ta jiƙa mu har ɓargo.

Ranka ya daɗe, ba ka san ni ba, ko a nan Zongo ma ba kowa ya san muryata ba. Ni ce irin yarinyar da idan malami ya kira sunanta a aji sai ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ko kanti aka aike ni, tun daga ƙofar gida nake bitar abin da zan faɗa. To ka ga ba ƙaramin abu ne ya sa na rubuto a bainar jama'a ba. Na fara da Faransanci, sai takardar ta fito kamar amsar jarrabawa, tsaf da ita amma babu ni a ciki. Shi ya sa na dawo harshen da nake kuka da shi. Malaminmu ya yi alkawarin juya maka ita idan ba ka jin Hausa.

Maganar mota ce. Ranar Talatar da ta wuce ma'aikatanka suka zo layinmu da jan fenti, suka zana babban kuros a ƙofar motar babana, wadda ke ajiye ƙarƙashin darbejiyar da ke jikin katangar masallaci. Suka ce duk motar da aka yi wa wannan alama, idan wata ya ƙare tana nan, za a ja ta zuwa furiyer, inda kuke tara motocin da aka kama. Na rubuto ne in roƙe ka kada a ja ta, in kuma gaya maka yadda aka yi ta tsaya a wurin, domin ba don ganin dama muka ajiye ta ba.

Na farko, bari in gabatar maka da ita, tunda a takardarku lamba ce kawai.

Sunanta Hajiya Sannu. Matan kasuwa ne suka raɗa mata, wai ba ta gaggawa, kuma ba ta wuce rami ba ta tsaya sun gaisa ba. Ta girme ni nesa ba kusa ba. Ƙofarta ta baya ta hagu daga waje kawai take buɗuwa, gilashin gefen direba kuwa da naɗaɗɗen kwali ake tokare shi. Cikinta ƙamshin daddawa ne da busasshen kifi da turaren da Baba ke shafawa ranar Juma'a. Da ita Baba yake ɗauko mata da kayansu daga kasuwar Asigame zuwa Zongo tun ban san kaina ba, da ita muke ci, da ita aka sa ni makaranta.

Ni kuma ɗakin karatuna ce. Gidanmu gidan haya ne, ba inda mutum zai zauna shi kaɗai. Idan Baba ya dawo ya kishingiɗa bayan azahar, sai in sulale in shige kujerar baya da littafina. Ba zan ɓoye maka ba, littattafan soyayya ne, irin waɗanda fataken atamfa ke zuwa da su daga Kano, su yi ta yawo hannu zuwa hannu har bangonsu ya fita. A cikinsu saurayi yakan zo da doguwar baƙar mota mai sanyi, ya sauke gilashi a hankali, ya faɗi maganar da za ta hana yarinya barci. Sai in rufe ido in mai da Hajiya Sannu waccan motar, har sai ƙamshin kifi ya dawo da ni gida. A lokacin na ɗauka so ke nan: kalamai masu zaƙi da mota mai sanyi. A gidanmu kuwa ban taɓa jin ko ɗaya ba. Baba ba mai magana ba ne, a wurinsa na gado. Mma kuma, wato mahaifiyata, tun da na yi wayo ban taɓa jin sunan Baba a bakinta ba. Malam take cewa, ko "shi". Akwai ɗan maƙwabtanmu da ya ci sunan Baba, har ya girma ya yi gemu ba ta taɓa kiransa da komai ba sai Mai Sunan Malam. Haka matanmu suke, kunya ce da girmamawa. Ka riƙe wannan, ranka ya daɗe, za mu dawo kansa.

Na biyu, aikin da aka fara ba a gama ba.

Kafin ruwan farko ya sauka, ma'aikata masu rigar ruwan lemo suka zo yashe kwatar da ta bi gefen titinmu, daga famfon unguwa har shagon tela. Mun yi murna, tsofaffi har albarka suka sa musu. Suka ɗage murafun siminti, suka kwashe laka da ledoji suka tsibe a bakin titi, suka ce mota za ta zo ta kwashe, sannan a mayar da murafun. Motar ba ta zo ba. Murafun suna nan jingine inda aka bar su, ban da guda ɗaya a gaban shagon tela da aka mayar a karkace, gefe ɗaya a zaune, gefe ɗaya a kan iska. Dattawan unguwa sun je ofishinku, aka ce musu ana sane. Ruwan farko ya mai da lakar cikin kwatar da aka ciro ta, na biyu ya cika ta, daga nan titi da kwata suka zama abu ɗaya.

Na uku, kwanakin ambaliya.

Kai ma ka gani, ba sai na ba ka labari ba, amma wataƙila daga tagar ofis ka gani, ni kuwa daga kujerar baya. Ruwan ya zo daidai makon jarrabawarmu ta ƙarshen kolej, kuma cibiyar da aka tura mu tana can unguwar Agbalepedo. Muka wayi gari layinmu ya zama kogi, ruwan launin shayi da madara, yana tafe da silifa da robobi da murfin tukunya. Na ga kaza a tsaye kan wani katako tana wucewa kamar mai zuwa biki. 'Yan zemijan, wato 'yan acaɓarmu, duk sun jingine baburansu a tudu. Jarrabawa kuwa ba ta san ruwa ba.

Baba bai yi shawara da kowa ba. Ya buɗe gaban mota, ya ɗaure kan fulogi da leda, ya ce a gaya wa duk 'yan matan layi masu jarrabawa su fito. Muka cika ta maƙil, har da Afi, 'yar maƙwabciyarmu, 'yan ƙabilar Ewe ne, wadda muke benci ɗaya da ita. Muka ɗage ƙafafu kan kujera, muka tattare siket, takardun shiga jarrabawa a cikin leda ƙarƙashin hijabi. Baba ya ce motar za ta iya ruwan, in dai ya tafi a giya ta ɗaya bai ɗaga ƙafa daga totur ba, don kada ruwa ya shiga salansa. Abin da ba za ta iya ba shi ne ramin da ba a gani.

Sai ga Mma ta fito. Ta bar tukunyar ayimolu, shinkafa da waken da take sayarwa, a hannun maƙwabciya, ta ɗaure zani tamau, taɓarya a kafaɗa. Baba ya ce ta koma, ruwan ba shi da kyau. Ba ta dube shi ba, ta ce da ma taɓaryar na son wanki. Ta shiga gabanmu.

Haka muka riƙa fita kowace safiya. Mma na gaba, ruwa wani wuri gwiwa wani wuri cinya, tana dukan ƙasa da taɓarya kamar mai daka a hankali. Inda ta ji ƙasa sai ta yi gaba. Inda taɓaryar ta nutse sai ta tsaya ta ɗaga hannun hagu, Baba ya karkatar da sitiyari. Hajiya Sannu na biye tana gurnani, ruwa na bugun ƙarƙashinta kamar mai sallama a ƙofa. Afi na addu'a irin tasu, mu muna karanta tamu, wani lokaci mu haɗa ido mu yi dariya don tsoro. Idan muka kai shagon tela, inda muka san buɗaɗɗun ramuka sun ƙare, sai Mma ta koma gefe ta ɗaga mana taɓarya, mu wuce.

Ni a bayan Baba nake zama, ina ganin idonsa a madubi. Na lura ba titi yake kallo ba, ai babu titin. Bayan Mma yake kallo, da ɗankwalinta da ya jiƙe ya manne. Idan ta ɗan yi tangaɗi sai in ga hannunsa ya damƙe sitiyari. Littafina na cikin jaka, ban ko tuna da shi ba.

Da mun fita babban titi kuma wata duniya ce. Motoci masu tsada a mace tsakiyar ruwa, masu su a tsaye kan rufi suna waya. Hajiya Sannu ta ratsa su a hankali da tarinta da hayaƙinta, yara na yi mata tafi. Wani mai kwat ya roƙi Baba ya rage masa hanya, aka matsa masa, ya zauna da jakarsa a ka, yana ta godiya, "merci, papa", har ya sauka. Idan Baba ya ajiye mu sai ya koma ya ɗauki tsofaffi da masu zuwa asibiti. A makon nan babu wanda ya kira ta gwangwani.

Na huɗu, safiyar jarrabawar ƙarshe.

An kwana ana ruwa, ya ƙaru sosai. Mma ta raka mu kamar kullum har shagon tela, ta koma gefe, ta ɗaga taɓarya. Babu wanda ya san ruwa ya ture murfin nan da aka mayar a karkace. Muna gotawa sai na ji ƙasa ta ɓace. Tayar gaba ta faɗa, wani ƙarfe ya yi ƙara ya karye, motar ta kwanta gefen Baba. Kwalin gilashi ya fice, ruwa ya kwararo masa har ƙirji, ƙafarsa kuma ta maƙale a ƙasa. Mu muka zube kan juna muna salati.

A cikin wannan hayaniya na ji shi. Mma ta kira sunan Baba. Ba Malam ba, sunansa na yanka, da muryar da ban san tana da ita ba. Ta yar da taɓarya, ta keto ruwa ta kama ƙofarsa tana ja, ta sake kira.

Ranka ya daɗe, ruwa na hawa wuyan babana, amma da ya ji, bai dubi ruwan ba. Juyawa ya yi ya dube ta. Na karanta shafuka da yawa da ake kwatanta kallon masoya, ban taɓa cin karo da wanda ya kamo ƙafar wannan ba. Kalma ɗaya ce ta faɗa, wadda ta riƙe a bakinta tun kafin a haife ni, kuma ta fi duk abin da samarin littattafaina suka taɓa faɗa. Ba zan rubuta sunan a nan ba. Nata ne.

Samarin unguwa suka rugo, suka zare ƙafar Baba, suka fitar da mu ta ƙofar dama ɗaya bayan ɗaya. Allah ya kiyaye, ban da ƙujewa ba wanda ya ji ciwo. Wani direban tifa ya kwashe mu muka isa ana shirin rufe ƙofa. Na rubuta jarrabawar da jiƙaƙƙen siket. Alhamdu lillahi na ci, Afi ma ta ci. Ita kuwa Hajiya Sannu da igiya aka ciro ta, aka turo ta ƙarƙashin darbejiya, ƙarfen ƙafarta a karye, injinta ya sha ruwa. Tun ranar ba ta motsa ba.

Na san Mma za ta yi fushi da ni idan aka karanta mata wannan takarda, ina kuma neman gafararta tun yanzu. Amma ai duk layi sun ji. Har yau idan ta je famfo mata na tsokanarta, suna tambaya wai wa ta kira ranar nan, ko wani baƙo ne. Sai ta ce ƙugin ruwa ne ya ruɗa musu kunne, ita ba ta ce komai ba. Ta daɗe ba ta yarda sun haɗa ido da Baba ba, sai ta ajiye masa abinci ta yi sauri ta fita. Shi kuma sai in gan shi yana murmushi shi kaɗai a kan tuwo.

Na biyar, jan fenti.

Kowace safiya bayan ya dawo masallaci Baba yakan ɗauki tsumma ya goge motar, ya share ganyen da ya zuba mata, kamar yanzu za su fita. Yana cikin haka ma'aikatanka suka iso. Ya gaishe su. Suka ce umarni ne, ana kawar da matattun motoci daga gefen titi. Ɗayansu ya buga taya da ƙafa ya ce wannan ai gwangwani ce. Suka zana kuros ɗin a ƙofar direba, ƙofar da Mma ta kama. Ina leƙe ta labule, ina jira Baba ya nuna musu ramin, wanda daga inda suke tsaye ana hango shi. Bai nuna ba. Cewa ya yi Allah ya ba mu alheri, ya aika aka kawo musu ruwan sanyi. Da suka tafi ya gwada goge fentin da tsummansa, bai fita ba, sai ya ci gaba da goge gilashi.

Baba ba zai zo ofishinka ba, na san halinsa. Zai ce haka Allah ya so. Shi ya sa ni da ba na iya sayen gishiri sai na yi bita na zama bakinsa.

Ban ce aikinku ba shi da kyau ba. Akwai motocin da aka yasar da gaske, ciyawa ta tsiro a cikinsu, awaki na kwana ƙarƙashinsu, a kwashe su ya fi. Amma tamu ba yasasshiya ba ce, jinya take. Tana tsakanin bishiya da katanga, ba ta tare wa ko mai baro hanya ba. Abin da ya tare hanya shi ne tsibin laka da murafun da ke jingine tun kafin damina. Ramin da ya karya ta ma yana nan da bakinsa a buɗe, tsohuwar taya da ganyen kwakwa yara suka sa a ciki don masu wucewa su gani. Hannun da ya bar ramin a buɗe shi ne ya dawo da fenti ya ce motar da ta faɗa ciki ta ɓata gari. Ka yi haƙuri da wannan jimla, na goge ta na sake rubutawa, ta ƙi fitowa da laushi fiye da haka.

Kuma gyara ake. Fo Kosi, makanikenmu, ya sauke injin ya busar da shi, ya ce zai tashi. Ƙarfen ƙafar ne ya gagara, ya zaga kasuwar kayan mota ta Akodesewa rumfa-rumfa, suna yi masa dariya wai irin wannan sai gidan tarihi. Yanzu an samu wanda ya ce zai kawo daga ƙetaren iyaka, amma ba zai iso kafin ƙarshen wata ba. Idan kuwa ta shiga furiyer, kowa ya san ƙarshen tsohuwar mota a can: rana ta gasa ta, iskar teku ta cinye ta da tsatsa, mai ita ya gaji da zirga-zirga ya haƙura.

Don haka ga roƙona, cikin ladabi.

Ka ba da umarni a janye sunan motar babana daga cikin waɗanda za a ja, a ba mu lokaci har ƙarfen ya iso. Da zarar ta tashi, da ƙafarta za ta bar wurin.

A mayar da murafun kwata daga famfo zuwa shagon tela, a zaunar da su daidai, a kwashe lakar, kafin ƙaramar damina, mai biyo bayan babbar, ta sauka. Ba kowane gida ke da mai shiga gaba da taɓarya ba, kuma ba na so tamu ta sake shiga.

In da hali ka zo da kanka ka gani, amma ka ajiye mota a babban titi ka tako da ƙafa. Ka tambayi mai ayimolu ta kusa da masallaci, za ta zuba maka har da ƙwai. Sai dai don Allah kada ka yi mata zancen sunan nan.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya hana ni haƙura. Duk shekarun nan Mma ba ta taɓa zama a gaban motar ba, kullum baya take shiga cikin mata, ta ce gaba na baƙi ne. Kwanan baya ina wanke-wanke na ji Baba, yana kallon wani wuri daban, yana ce mata idan Hajiya Sannu ta warke, ranar wata Lahadi zai kai ta bakin teku ta sha iska, kuma a gaba za ta zauna. Sai ta ce wuta na cin tukunyarta. Amma shekaranjiya na tarar da ita ta fito da wata atamfa da ta daɗe tana ɓoyo a akwati, tana auna kujerar gaba da tafin hannu, za ta ɗinka mata riga. Ta san da jan fentin, a gabansa ta tsaya tana awon.

Ranka ya daɗe, ina so in ga wannan Lahadi. Ni a baya zan zauna, kuma ba zan ɗauki littafi ba.

Allah ya ja zamaninka, ya sa ka gama da wannan kujera lafiya. Allah ya tsare ka da iyalinka daga ramin da ido ba ya gani. Duk ranar da ruwa ya rufe maka hanya, Allah ya ba ka wanda zai shiga gabanka yana taɓa maka ƙasa.

Wassalam.

Taka cikin girmamawa,
'Yar direban Hajiya Sannu,
Zongo, Lome.